Shekarar Da Na Ƙone Gyadata

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina gyaran wake, rediyo na gefena, sai na ji wani masani yana bayani a shirin noma. Wai yanzu bincike ya kai inda za a yi wa shuka riga-kafi kamar yadda ake yi wa jariri, a fesa mata wani abu tun tana ƙarama ta koyi yaƙi da cuta kafin cutar ta iso. Ban gama gane yadda abin yake ba, ba kuma zan yi ƙaryar na gane ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dariyar wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron taɓarya. Ta dube ni ta ce ai sai su zo su tambayi Inna Asabe, ita ta san riga-kafin gona. Da wasa ta faɗa, ni ma na yi murmushi na miƙa mata taɓarya. Shekaru sun ja, har yau ni ce abin misali a garin nan. Ku 'ya'yana da jikokina kun ji labarin a bakin kowa ban da nawa, to yau ga nawa.

A Ƙaraye aka haife ni, aure ne ya kawo ni ƙasar Rogo, kuma tun ina amarya sana'ata man gyada da ƙuli-ƙuli. Da ita na tufatar da ku, da ita na yi wa mata kayan ɗaki. Mun taso mun tarar da wata al'ada da ba wanda ya taɓa tambayar dalilinta. In an ɓare gyada, mai kyau ta tafi kasuwa, wadda ta motse da mai ɗaci da wadda fumfuna ta taɓa kuwa ita ce ta miyar gida, don ba a zubar da abinci. Haka muka yi ta ci har shekarar da mahaifinku, Malam Garba, ya kwanta. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Likitan da ya duba shi a asibiti ya ce hanta ce, ya tambaye ni abin da muke ci, na faɗa masa. Ya ce akwai wata fumfuna da ke barin dafi a cikin gyada, dafin da suya ba ta kashewa, kuma a hankali yake cin hanta. Bai ce ita ta kashe shi ba, ni ma ban ce ba, ajali ne ya yi kira. Amma daga ranar duk lokacin da na tauna gyada mai ɗaci sai na tuna idon nan nasa.

Da aka raba gado, tumunin takabata ya faɗa a kan wata 'yar gona mai jan rairayi, irin wadda gyada ke so. Sani, ɗana na biyu, shi ke noma mini ita, shi ne kuma ya zauna da ni a gida tare da matarsa Rabi, 'yar Alhaji Mamman na Beli. Zan faɗa a fili tun da ba a gabanta nake faɗa ba: ban taɓa ɗaukar Rabi suruka ba. Uwarta ta rasu tun tana goye, goggonta ce ta raine ta, ta zo mini yarinya mai shiru, mai yawan sunkuyar da kai. Ni mai faɗa ce, kowa ya sani, amma in na fara sababi a gindin kasko sai ta zo ta karɓi ludayin daga hannuna ba tare da ta ce uffan ba, sai in ji faɗan ya rasa inda zai zauna. Sun shekara ɗaya da wani abu da aure Allah bai kawo rabo ba, ni kuwa ko a jikina, don ni ma sai da na daɗe kafin na fara.

A farkon damina ta shekarar da nake ba ku labari wani malamin gona, Malam Idi, ya zo a kan babur da buhu ɗaure a baya. Ya tara manoma a ƙofar dagaci ya yi musu bayani, suka saurara, suka yi masa godiya, kowa ya kama gabansa. Sani ne ya zo ya ce mini maganar dafin gyada mutumin yake yi. Na ce maza ya kira mini shi. Muka gaisa a soro, ya kwance bakin buhun, sai ga dawa shuɗiya shar, kamar an tsamo ta daga marina.

Ya ce, "Inna, dawa ce, amma ba ta ci ba ce, ba kuma ta shuka ba. An gasa ta don kada ta tsiro. Abin da ke jikinta shi ne maganin, wata fumfuna ce marar dafi. In an watsa ta a gona kafin gyada ta yi fure, ita za ta riga mai dafin kama wuri. In mai dafin ta zo sai ta tarar babu masauki."

Na ce, "Wato kamar yadda ake zuba tsohon nono a madara ta yi kindirmo, maimakon ta lalace."

Ya ce, "Kusan haka ne, Inna. Riga-kafi ne na gona."

Na ce, "To shuɗin na mene ne?"

Ya ce, "Don kada wani ya ɗauka ya yi tuwo da ita."

Kun ji inda hankalin masu ilimi ya tsaya. Sun zauna sun yi tunanin mai ci, har sun rina masa dawa don kada ya ruɗe, amma a cikinsu ba a sami mutum ɗaya da ya tuna da mai shuka ba. Wanda ya taɓa zama da manomi ko na mako guda ya san cewa in manomi ya ga baƙuwar ƙwaya, ba tukunya ce ke fara zuwa masa a rai ba, rami ne. Ni dai na karɓa, ni kaɗai a garin. Da gyada ta rufe ƙasa, ana sauran kaɗan ta yi fure, Sani ya bi gonar ya watsa yadda aka nuna masa, ni ina tsaye a gindin kuka ina kallo.

A nan Yaya Tanimu ya same mu. Shi ne yayan mahaifinku, shi ne babban gidanmu bayan rasuwar Malam Garba. Ba zan rage masa komai ba don ya mutu, manomi ne na gaske, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar iri. Ɗakinsa cike yake da goruna a rataye, kowace da irin da ke cikinta, kuma rabin geron da ake nomawa a garin nan daga hannunsa ya fita. Ku da kuka tashi a zamanin irin leda ba lalle ku san nauyin abin ba. A wurinmu iri ba a hana shi. Ko wanda ba kwa ga maciji ne ya roƙe ka, sai ka ba shi ko da cikin tafi, don ba ka san shekarar da naka zai ɓace ka koma nema a wurinsa ba. Ya tsaya a bakin gona, muka gaisa, ya sunkuya ya ɗauki ƙwaya ɗaya yana jujjuyawa.

Ya ce, "Asabe, na ga kin samo sabon iri. A sam mini cikin tafi in gwada."

Na durƙusa na ce, "Yaya, ba iri ba ne, magani ne. Ko ka shuka ba za ta fito ba."

"Dawa fa nake gani da idona."

"Dawa ce, Yaya, amma gasasshiya ce."

Ya kakkaɓe hannunsa. Ya ce, "To, madalla. Tun da nake ban taɓa jin an hana iri ba sai yau, kuma a gonar ƙanena."

Har gobe ban ga laifina ba. In miƙa wa dattijo abin da na san ba zai tsiro ba in ce ga iri, wannan ai shi ne rainin. Gaskiya na faɗa masa, a durƙushe, amma shi abin da kunnensa ya ji shi ne mace ta hana shi. Da muka tafi ya dawo ya tsinci abin da ya tsinta a bakin gonar, ya je bayan gidansa kusa da kuɓewa ya yi ramuka. Da yake gwani ne, sai ya shuka tasa dawar a layi ɗaya, tawa a layi ɗaya, don ya gwada. Tasa ta fito kore shar, tawa ko ƙyas. Ya tona ya tarar da ƙwayar ta ruɓe, fumfuna ta lulluɓe ta, wato dai maganin yana aikin da aka yi shi dominsa. Bai zo ya tambaye ni ba. Ya zuba a kwano ya rufe da faifai, ya jira Juma'a. Sani yana masallacin, shi ya kawo mini maganar yadda aka yi ta bayan an sallame.

Yaya ya buɗe kwanon ya ce, "Jama'a, ga abin da ake watsa mana a ƙasa. Ƙwaya ce da ba ta haihuwa. An ce riga-kafi ce. In ta shiga gyada, gyada ta shiga ciki, sai ku ƙarasa da kanku."

Liman, Allah ya jiƙansa, ya ce a bi a hankali, a tambayi waɗanda suka san abin, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma kwano na yawo daga hannu zuwa hannu, kuma gani ya kori ji. Kafin la'asar maganar ta shiga kowane gida. Ranar kasuwar Rogo da ta biyo baya aka dawo mini da kwalaben mai yadda aka tafi da su, alhali man ma na tsohuwar gyadar bara ne, wadda shuɗi bai taɓa gani ba. Mai ƙosai da ta shekara goma tana saye a wurina ta aiko wai ta sami wani wuri. Matan da na yi wa wankan jego da hannuna suka hana 'ya'yansu karɓar ƙuli a gidana. Na ce Sani ya kira Malam Idi ya zo ya buɗe baki ya maimaita abin da ya faɗa mini, a gaban kwanon. Waya a kashe. Ya hau babur har Rogo, aka ce masa an mayar da Malam wani gari, aikin da ya kawo su kuma ya ƙare, sai in an sake sabo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a lokacin. Ka kawo wa mutane abin da ba su taɓa gani ba, ka yi bayani sau ɗaya a tsaye, ka ɗauki hoto, ka hau babur ka tafi, ka bar tsohuwa da amsa tambayoyi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon wanda ya ja ruwan yana can a inuwa, ni nake jiƙewa.

Duk wannan da sauƙi, ciniki ne, yau naka gobe na wani. Sai magana ta nemi wurin sauka ta sauka a kan Rabi. Aka fara cewa ga shaida nan a cikin gidan, yarinya lafiyayya ta shekara da wani abu ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa dawar ba ta fi wata biyu da zuwa garin ba, gyadar ma tana cikin ƙasa ba a ci ko ɗaya ba. Wata safiya sai ga goggonta daga Beli, ta ƙi zama a tabarma, ta ƙi shan ruwa, ta ce Alhaji ya ce Rabi ta zo yana son ganinta. Ba a hana uba 'yarsa. Rabi ta ɗaure 'yan zannuwa biyu, ta zo ta durƙusa a gabana, hawaye na ɗiga a kan ƙafata.

Ta ce, "Inna, sai na dawo."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ki gai da Alhaji."

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Maza suka je biko har sau biyu aka ba su haƙuri suka dawo. Yaya Tanimu, wanda shi ya kamata ya ja gaba, cewa ya yi ƙafarsa na ciwo. Sani ya daina cin abincin kirki, in na kai masa tuwo sai in dawo in tarar ya yi loma biyu ya rufe. Da na ga wata ya wuce har da ɗoriya, gyada ta nuna a gona, sai na yafa mayafina, na sayi goro, na tafi Beli da kaina, ko da yake ba a saba uwar miji ta je biko ita kaɗai ba.

Aka kai ni ɗakin goggo, aka kira Rabi ta gaishe ni. Ta shigo ta durƙusa nesa kaɗan, na ce ta matso. Ni kuwa duk wankin da zan yi, zanena ba ya rabuwa da ƙanshin man gyada. Tana matsowa sai na ga ta kawar da kai, ta toshe baki, ta tashi da sauri ta yi bayan ɗaki. Goggo ta taɓe baki ta ce haka take fama kwanan nan, zazzaɓi da kasala, har yanzu dafin bai gama fita daga jikinta ba. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, Allah bai ba ta ba. Ni kuwa takwas na haifa. Da Rabi ta dawo na dubi tafin hannunta, na dubi wuyanta, na san abin da na gani. Goggo ta fita ɗebo ruwa, na jawo yarinyar kusa.

Na ce, "Rabi, tun yaushe?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunyar cikin fari ce, ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗa wa uwar mijinta ba. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Inna, ki mai da ni ɗakina."

Farin ciki ne ya fara zuwa mini, har na buɗe baki zan ƙwala wa goggo kira in ce ga ƙaryarku ta ƙare. Sai wani tunani ya rufe mini bakin. Yarinya ta shekara da wani abu a ɗakin mijinta babu komai, ta zo gidan ubanta ta yi sama da wata, sai ciki ya bayyana. Ni na san na Sani ne, da shi ta fito daga gidana ba ta sani ba, kuma na san yarinyar da na zauna da ita. Amma garin da ya dubi ruɓaɓɓiyar dawa a kwano ya yanke hukunci, me zai yi da wannan? Mutanen da suka riga suka rantse cewa gidana ba a haihuwa, in aka ce musu ga ciki, ba za su ce sun yi kuskure ba, tambaya za su yi na wane ne. Baki ɗaya ya isa, a bakin rijiya ko a wurin daka, kuma irin wannan tabon ba ya wankuwa, har abin da ke cikin zai bi. Nan take na gane ba ni da lokacin gardama. Dole Rabi ta koma ɗakinta kafin wani mai ido ya ga abin da na gani. Alhaji Mamman ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, muka gaisa, muka tambayi gida da damina. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi.

Ya ce, "Inna, ni ba ni da rigima da ku. 'Ya ɗaya uwarta ta bar mini. In gyadar nan ta shiga rumbunku, Rabi ba za ta shiga gidan ba. Ba kuma zan ce a kai kasuwa a sayar wa 'ya'yan wasu abin da nake guje wa tawa ba. A ƙone ta a gaban dagaci, kowa ya gani."

Na ce, "An gama, Alhaji. Ranar da aka ƙone, a ranar nake son 'yata."

Ya ɗago ya dube ni, don ya san halina, ya shirya wa faɗa bai samu ba, sai ya ce ya yi alkawari. Da na dawo gida na faɗa wa Sani, shi ne ya yi faɗan da ban yi ba.

Ya ce, "Inna, in kika ƙone kin amsa laifi. Har abada za a ce gaskiya Baba Tanimu ya faɗa. Mu jira mana, mu nemo wani malamin gonar ya zo ya yi bayani."

Na ce, "Ka je ka nemo 'yan ƙwadago, gobe za a fara cira."

Ban gaya masa dalili ba. Ba maganar da uwa ke yi da ɗanta ba ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Aka cire gyada, aka bar ta ta sha rana, aka tara ta tsibi guda a tsakiyar gona har da harawar, don an ce ko akuya kada ta ci. Tun da nake noma gonar ban taɓa ganin ta yi 'ya'ya kamar na shekarar ba. Na ɓare guda a ɓoye na duba, ƙwaya cike da kwanso, jawur, ba tabo. Da la'asar dagaci ya zo da mutanensa, Alhaji Mamman ya zo, Yaya Tanimu ya zo da ƙafarsa da ta warke. Dagaci ya miƙa wa Sani ashana, na ce a ba ni, gonata ce. Gyada mai ce, ba ta wahalar kamawa. Hayaƙi ya tashi, ƙanshin suya ya cika ko'ina har cikin gari. Ni da na ƙare rayuwata a gindin kasko, da hanci nake gane gyada mai kyau, kuma na rantse muku ko ɗaya babu mai ɗaci a cikin abin da na ƙone. Yaya Tanimu ya toshe hanci da gefen rawani ya ja da baya, wai kada hayaƙin ya shige shi. Ban yi kuka ba, ban ba su wannan ba. Washegari da na koma gonar na tarar da tokar duk sawun mutane, an tone ta an tsince wadda ta gasu ba ta ƙone ba. Ga masu tsoron dafi nan.

Rabi ta dawo kafin magariba a ranar da aka yi ƙunar, kamar yadda Alhaji ya yi alkawari. Ni kuma na koma Asabe mai shuɗi, sunan da ya bi ni har yau. Sana'ar mai ta mutu a hannuna, sai daddawa na koma, ina toshe wa Rabi ƙofa da zane don warin. Ranin nan mun ci wuya, tumakina biyu ne suka fitar da mu. Da ciki ya fito fili mata suka dinga shigowa barka, kowace ta faɗi abu ɗaya, wai kin gani ko, Inna, ana ƙonewa Allah ya kawo. In ce musu haka ne, Allah abin godiya.

Wata bakwai da dawowarta, cikin zafin bazara, Rabi ta sauka. Mace ce. Unguwarzoma ta miƙo mini ita, na ji nauyinta a hannuna, ga gashi baƙi wuluk, ga farce har ya wuce yatsa. Tsohuwar ta dube ni, na dube ta. Ta daɗe a sana'arta, ta kuma san garin da take ciki. Ta juya ta ce wa matan da ke bakin ƙofa bakwaini ce, a rufe ta da kyau kada iska ta taɓa ta. Ranar suna aka raɗa mata Hauwa'u. Bayan an shafa fatiha Yaya Tanimu ya leƙo cikin gida yi mana barka, ya tsaya a tsakar gida inda kowa zai ji.

Ya ce, "Asabe, barka. Da na yi shiru da yanzu gidan ƙanena babu wannan. Wani lokaci gaskiya ɗaci gare ta."

Maganar ta zo mini har baki. Kalma biyu ce, in ce wata tara ne, ku ƙirga. Sai na hango Rabi ta ƙofar ɗaki, ta rungume jaririyar tana kallona. Na ce masa, "Mun gode, Yaya." Na sa aka kai masa waina har gida.

Daga shekarar ba wanda ya ƙara yarda a watsa wani abu a gonarsa a yankinmu. An sake zuwa da shuɗiyar dawar bayan wasu shekaru, ko buhun ba a bari an kwance ba, aka ce a je a tambayi gidan Malam Garba. Har yau ana miya da gyada mai ɗaci a gidajen da na sani, ana ba yara, ni kuwa ba ni da bakin hanawa, don ni ce wadda ta ƙone tata da hannunta. Wannan yana ci mini rai fiye da sunan da aka laƙaba mini. Yaya Tanimu ya rasu yana ganin shi ya ceci gari. Na je na yi gaisuwa, na yafe masa don Allah, amma yafiya daban, cewa ya yi daidai daban, kuma ba zan ce ba.

Yanzu shi ba ya nan, Alhaji Mamman ba ya nan, unguwarzoma ma ta bi su. Na tambayi Rabi ko in rubuta, ta sunkuyar da kai yadda ta saba, ta ce in rubuta. Kuma yau babu bakin da zai iya cewa komai, don duk mai ido ya ga wushiryar Sani da kunnuwansa a kan yarinyar nan, har tafiyarsa ta kwaso. Saboda haka, Hauwa'u, in kin yi hankali kin karanta wannan, ki daina amsawa in an kira ki Bakwaini. Watanki tara cif. Kina cikin uwarki tun gyadata na cikin ƙasa, tun kafin kowa ya ƙyasta ashana. Gyadata lafiyarta ƙalau, ke ma 'yar ubanki ce, amma a shekarar nan ɗaya kawai garin ya bar ni in kare, ni kuwa na kare ki.